Rinin Da Ke Haska Cikin Ido

Da Kawu ya fara cewa yana ganin wani abu kamar ƙuda na gilmawa a gabansa, kowa a Faskari cewa ya yi tsufa ne. Ashe ciwon suga ne ke cin idon ta ciki. Sanadin da ya kai mu Madurai ke nan, can kudancin Indiya, asibitin ido na Aravind, wanda Dakta Venkataswamy ya buɗe a 1976 da gado 11 kacal. Yau kuwa tun asuba jama'a sun cika shi kamar ranar kasuwar Sheme.

Aka ɗiga wa Kawu magani, ƙwayar idonsa ta buɗe. Ya ɗora haɓa a kan na'ura, aka kashe fitila, wata ma'aikaciya ta yi masa allurar wani ruwa mai launin ruwan goro a jijiyar hannu. Rini ne, sunansa fuloresin, wanda wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa tun 1871.

Ban gama ƙirga goma sha biyar ba sai allon kwamfuta ya fara haske. Jijiyoyin tantanin da ke ƙuryar ido suka cika ɗaya bayan ɗaya, tamkar an saki ruwa a lambu yana bin kwari-kwari. Shuɗin haske ake dallawa, rinin ya mayar da kore, kyamara ta ɗauka. Wani likita ya nuna wasu wurare da hasken ya bazu kamar hazo: nan jijiya ke yoyo. Inda ya yi baƙi ƙirin kuma, jini ya daina zuwa. Ya ce ɗaliban likitanci biyu a Amurka, Novotny da Alvis, suka fito da wannan dabara, aka buga ta a 1961.

Muna fitowa na ga fatar Kawu ta yi ɗorawa, gabana ya faɗi.

"Kawu, ba shawara ba ce kuwa?"

"Kai yaro, ba ka ji an ce gobe ko jibi fitsari zai wanke shi ba? Ni dai yau an kai ni marina."

Da dare ya yi shiru, can ya ce, "Shekara arba'in ina ban ruwa, na san komin da ruwa ya daina kaiwa ba ya jiran manomi. Mu koma gida, duk mai suga a zuriyarmu a duba masa ido tun yana gani."