Ƙafar Roba Ba Ta Girma Tare da Yaro

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka ba da sunanka cikin masu aikin sa-kai da za su riƙa zama da yaran da nakiya ta taɓa a Maiduguri. Allah ya yi maka albarka. Amma zauna tukuna ka saurare ni, don na riga ka shiga wannan gona, kuma sai da na yi ɓarna a cikinta kafin hannuna ya faɗa.

Da na ajiye alli na yi ritaya, sai na fara zuwa wani sansanin 'yan gudun hijira ina koya wa yara karatu a ƙarƙashin rumfa. A nan na haɗu da wani yaro ɗan shekara 11, mutumin wajen Gwoza. Itace ya fita nema, ya taka abin da masu tayar da ƙayar baya suka binne a hanya, ƙafar hagu ta tafi daga ƙasan gwiwa. Ranar da na fara ganinsa idona ya cika da ƙwalla. Na karɓe masa jakarsa, na hana shi shara, na ce wani ya ɗebo masa ruwa. Washegari bai zo ba. Mahaifiyarsa ce ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Malam, cewa ya yi ka mai da shi gurgu a gaban abokansa."

Don haka ka bar tausayinka a zuci, kada ya hau fuska. Ka sa yaro aiki kamar kowa, in ya yi ƙiwa ka tsawata masa. Kada ka tambaye shi yadda abin ya faru. Ranar da ya amince da kai, da bakinsa zai faɗa, wataƙila ana tsakiyar hirar ƙwallo. In kuma ya ce ƙafar da aka yanke tana masa zogi ko ƙaiƙayi da dare, kada ka kira shi shagwaɓa ko taɓin aljanu. Likitoci sun san ciwon, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su manta da gaɓar ba.

Kuskurena na biyu ya fi nauyi, har yau in na tuna sai na yi istigfari. A lokacin, mai neman ƙafar roba sai an kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Sai a 2020 aka buɗe cibiya a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da taimakon ƙungiyar Red Cross ta duniya. Aka yi wa yaron ƙafa, muka yi murna, na ɗauka an gama. Ashe yaro yana girma, robar kuwa tana nan yadda aka ƙera ta, kafin shekara ta zagayo sai a sake awo. Na yi masa alkawarin mayar da shi a duba, sai hidimar gida ta ɗauke ni wata biyar. Da na dawo na tarar da ƙafar rataye a bango, dungun ya yi miki, yaron ya koma sanda ya daina zuwa karatu. Bai ce mini komai ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Alkawari kaya ne, ɗana, yaran nan kuwa sun gaji da baƙi masu zuwa da mota su ɗauki hoto su rarraba biskit, ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ka auna ƙarfinka tun kafin ka buɗe baki. Zuwa sau ɗaya a mako har shekara uku ya fi zuwa kullum na wata guda. Wayarka kuma ta zauna a aljihu.

Ka shirya wa doguwar tafiya. An sa hannu a yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1997, Najeriya ta shiga a 2001, amma wanda ya haɗa nasa bam a jeji da jarka da batir bai san wata takarda ba. A arewacin Chadi har yanzu ana fama da abin da aka binne tun yaƙinsu da Libiya a shekarun 1980. Shi ya sa nake so ka mai da yaranka malamai. Ni na sha gaya wa masu tsintar gwangwan kada su taɓa ƙarfen da ba su sani ba, kada su jefe shi, su ja baya su sanar da manya, suna jina suna dariya. Ranar da yaron nan ya naɗe wandonsa ya faɗi maganar da bakinsa, ko tari babu wanda ya yi. Kai ma kada jarumta ta ɗebe ka ka ce za ka tono wani abu. Wannan aikin waɗanda aka horar ne.

Yaron nan yanzu ɗinki yake yi, da ƙafar dama yake taka keken, shi ya ɗinka mini rigar sallar bara. In za ka tafi ka biyo ta gida, akwai ɗan littafin da nake rubuta ranakun komawar kowane yaro asibiti, zan nuna maka yadda na tsara shi.