Shaidar Garma da Mudu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa almajiri, da kai ɗan kasuwa, ka sani wata rana na shiga Gidan Makama a birnin Kano, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa tun gabanin ya hau sarauta a shekarar 1463, wanda yanzu aka mai da shi ma'ajiyar kayan tarihi. A cikinsa na iske kayan sana'ar mutanen da, kayan noma da na saƙa da ƙorai.

Na tsaya ina duban wata tsohuwar garma. Ƙotarta ta yi sumul, bakinta ya cinye. Ba a rubuta sunan mai ita ba, amma ta shaide shi cewa ba rago ba ne, domin garmar rago tsatsa ke cinye ta. Daga nan idona ya fāɗa kan wata ƙaramar ƙwarya mai kama da mudun mahaifina, sai kunya ta rufe ni.

Ga dalili. A shekarar 1973, shekarar fari, wadda a cikinta aka sake kuɗi zuwa naira da kobo, ina yaro ina taya mahaifina awon gero a kasuwar ƙauyenmu. Shi da ƙwarya yake awo, ni kuwa ya saya mini mudun kwano. Da hatsi ya yi tsada, na ga waɗansu suna bubbuge gindin kwano domin cikinsa ya ragu, ni ma na ɗauki dutse na yi haka a ɓoye. Wata tsohuwa ta zo, na auna mata mudu uku. Da ta tafi, mahaifina ya cika kwanona da gero, ya juye a ƙwaryarsa, ba ta cika ba. Bai buge ni ba. Ya ce, "Ɗauki cikon ka bi ta, ka gaya mata abin da ka aikata da bakinka." Na bi ta da gudu har bakin rafi. Ta karɓa, ta ce, "Ɗan nan, marayu huɗu ke jiran geron nan." Har yau ban manta da muryarta ba.

Ka duba hikimar magabata. Ƙwarya ba ta karɓar algus, in ka buge ta fashewa za ta yi, asirinka ya tonu. Kai almajiri, ka karanta yadda aka halaka mutanen Madyana, jama'ar Annabi Shu'aibu, alaihis salam, saboda tauye mudu, ka kuma haddace Suratul Muɗaffifina. Ka san zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi huɗu, nisabin hatsi kuwa sa'i 300 ne. Wanda ya saba da tauye awo a kasuwa, yaya zai cika shi ranar fid da zakka?

To, masu waɗannan kayan sun shuɗe, kayansu sun wanzu suna ba da labarinsu. Sikelinka da tiyarka su ma za su wanzu bayanka. Ka juya gindin mudunka yau ka duba, tun kafin magada su juya shi.

Allah Ya yafe mana abin da muka tauye, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu cika da imani. Amin. Tamat.