Kano a Takun Jaki

Ni dai jaki ne ya fara nuna mini Kano. Wajen 1968 ne, da hunturu, Baba ya ce na isa riƙe sanda. Tun kafin assalatu muka labta wa aurakinmu itace, muka bar ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Tofa, muka shiga ayarin masu jakai. Gona na bin gona, babu daji, sai gawo da ɗorawa tsaitsaye cikin hazo, ga sanyi na cizon kunne.

Da hantsi Dala da Goron Dutse suka bayyana. A Ƙofar Mazugal na ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sama, na tambayi Baba ko wannan dutsen ma yana da suna. Ya ce, "Kai yaro, rufe bakinka kada ƙuda ya shiga." Badala tana nan a lokacin, ja wur, awaki na hawa suna sauka.

Cikin gari kuwa da hanci na haddace shi. Ƙamshin ƙosai a bakin lungu, warin jima, sai Jakara da ke sanar da kanta tun kafin ka iso. Daga wani zaure ka ji almajirai, daga wani ka ji 'yan bugu na dukan shuni kamar masu kiɗa. A Kurmi kanwa da kimba da turaren wuta suka haɗu suka sa ni atishawa. Jaki ba ya sauri don kowa, duk kududdufi sai ya tsaya, shi ya sa na san zanen kowane soro da zankayensa.

Da muka sayar da itacen, Baba ya saya mini alewa ta kwabo, muka cika mangala da taki: toka, kashin awaki, sharar mutanen birni. Yara suka bi ni suna "baƙauye, baƙauye". Baba ya ce, "Ƙyale su, shararsu ce za mu dawo musu da ita a damin gero."

Bara na shiga A Daidaita Sahu daga Dawanau. Ban ga komai a hanya ba sai ƙeyar direba. Na sauka a Ƙofar Mazugal in taka, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ina tsaye ina waige-waige wani saurayi ya matso.

"Baba, ɓata ka yi?"

Na ce a'a ɗana, inda muke ɗaure jaki nake nema. Ya bi yatsana da kallo, ya ce ai nan shagon cajin waya ne.