Ranar da Inna ta fito da ni hantsi

'Yar'uwa, idan kin wayi gari ko tsintsiya kin kasa ɗauka, kada ki yi saurin ce wa kanki malalaciya. Na shiga wannan hali bayan haihuwata ta uku, lokacin da maigida ya tafi cin rani Legas ya bar ni a Tudun Wada, ga dangina can a Kiru. Na yi arba'in, amma ɗaki ya riƙe ni. Da dare ina latsa waya har ƙarfe 2, da rana sai kuka ba dalili.

Uwar mijina ce ta lura. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "'Yar nan, fito ki taya ni tsinkar zogale." Kullum da hantsi muna tsakar gida, rana tana taɓa jikina, muna hira. Ashe hasken safiya yana daidaita barcin dare. Na koma ajiye waya bayan Isha'i, na daina wuni da shayi kaɗai, sai kwaɗon zogale da ƙuli da kunun gyaɗa. Da la'asar in goya jaririn, in taka zuwa gidan ƙawata.

Ba rana ɗaya na warware ba, sai da aka yi makonni.

Amma ki ji: idan ƙuncin ya wuce mako 2, ko kina jin rayuwa ta ishe ki, ki je asibiti ki faɗa wa likita. Ba abin kunya ba ne.

Ke wa ke fito da ke hantsi?