Zangon Da Ɗa Ya Sauko Da Uba A Duwatsun Himalaya

Can arewacin ƙasar Indiya, dab da iyakar Tibet, akwai wani ɗan gari da ake kira Badrinath, wanda ke kwance a cikin kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu, Nar da Narayan. Bisansa daga gaɓar teku ya zarce ƙafa 10,000. Ta tsakiyarsa kogin Alaknanda ya ratsa, ruwansa fari fat saboda kumfa, ga sanyi mai huda ƙashi. Garin wurin ziyara ne na mabiya addinin Hindu, kuma kusan rabin shekara kaɗai yake raye, domin da hunturu ya kawo kai sai a rufe ɗakin ibadarsu, masu hidimarsa su gangara ƙasa, a bar wa dusar ƙanƙara wurin.

Shi wannan kogi na Alaknanda, in ya gangara ya haɗu da Bhagirathi a Devprayag, daga nan ne sunansa yake komawa Ganga, watau babban kogin Indiya mai tsawon mil 1,500 da ɗoriya. Galibin matafiya bin ruwa suke yi zuwa ƙasa. Amma a shekarar 1977 wani uba da ɗansa suka ce su daga teku za su faro, su yi ta hawa har sai sun taɓo ƙanƙarar da ke shayar da kogin.

Uban shi ne Sir Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar Dutsen Eberest ran 29 ga Mayu, 1953. A lokacin wannan tafiya yana da shekara 58, ɗansa Peter kuwa 22. Ba su fito da farin ciki ba. Shekara biyu kafin nan, a 1975, jirgin sama ya faɗi kusa da Katmandu ta ƙasar Nefal, matar Hillary, Louise, da 'yarsu Belinda suka rasu a ciki, alhali suna kan hanyar zuwa wurinsa a ƙauyen da yake gina asibiti. Saboda haka uba da ɗa kowa na ɗauke da nasa nauyin a zuci.

Suka tashi daga bakin tekun Bengal tare da abokan tafiya, cikin ƙananan jiragen ruwa uku masu inji, irin waɗanda ba su da farfela, sai dai su zuƙi ruwa su feso shi ta baya. Suka wuce Kalkata, suka wuce Banaras, ko'ina jama'a sun yi dafifi a bakin gaɓa don su ga mutumin Eberest. Daga Rishikesh kogi ya ƙuntata, ya shiga tsakanin duwatsu, ruwa ya yi ƙarfi. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai kusa da Nandprayag, inda wani gangaren ruwa ya tare hanya, jirage suka gaza. Sai kowa ya saɓa kayansa, aka kama tafiyar ƙasa zuwa Badrinath, daga can kuma aka fuskanci wani dutse da ake kira Akash Parbat, ma'ana Dutsen Sama.

To, a nan ne dutse ya nuna halinsa. Wanda duk ya hau sama da ƙafa 17,000, iskar da yake shaƙa ba ta ba shi fiye da kimanin rabin abin da take bayarwa a bakin teku. Mai gaggawar hawa, musamman wanda ya daɗe a ƙasa kamar yadda suka yi a kan kogi, ruwa kan taru masa a huhu ko a ƙwaƙwalwa. Alamunsa ciwon kai, da tangaɗi, da ruɗewar magana, daga nan sai suma. Babban maganinsa ɗaya ne, a sauko da mutum maza-maza.

A zangonsu na can sama, inda suka kafa tantuna a kan ƙanƙara, wannan ciwo ya kayar da Hillary. Ga shi ƙaton mutum, ga babu hanya, babu dabbar hawa. Sai Peter da abokan tafiya suka naɗe dattijon a cikin tantinsa, suka ɗaure da igiya, suka yi ta jansa a kan ƙanƙara suna gangarawa, suna kaucewa ramukan da ke buɗe baki a hanya. Yaron da ya rasa uwa da ƙanwa shekara biyu da suka wuce, ga shi yana jan ubansa, bai san ko da rai zai kai shi ba. Da suka sauko inda iska ta yi kauri sai numfashi ya daidaita, hankali ya fara dawowa. Jirgin sama mai saukar ungulu na mayaƙan Indiya ya ɗauke shi zuwa asibiti. Bayan an tabbata ya tsira, Peter da wasu suka koma suka ƙarasa hawan dutsen a madadinsa.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A watan Mayu na 1990 Peter ya hau ƙololuwar Eberest, daga can ya yi magana da ubansa ta wayar tauraron ɗan Adam, suka zama uba da ɗa na farko da kowannensu ya taka wurin. Hillary kuwa ya koma Indiya a 1985 a matsayin jakadan ƙasarsa, ya rasu ran 11 ga Janairu, 2008, yana da shekara 88.

Yau Badrinath tana cikin jihar Uttarakhand, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 2000, kuma motoci na kai dubban masu ziyara har ƙofar garin. Amma daga inda kwalta ta ƙare, iska tana nan yadda take a 1977. Duk uban da ya yi niyyar kwana a can sama da ɗansa, sai su hau sannu a hankali, su kuma yi alkawari tun daga ƙasa cewa wanda ciwo ya fara kamawa ba zai yi gardamar sauka ba.