Gangar Da Muka Haɗa Da Tsofaffin Kaya

Makarantarmu ta ekklesiya a Birnin Kebbi ƙarama ce, kuɗinta kuma kaɗan ne. Kowace shekara ran 27 ga Mayu, wato Ranar Yara, makarantu sukan fita maci a fili. A 2023, ana saura kwana biyu, babbar gangarmu ta fashe. Yaranmu suka yi maci da usur kaɗai, ƙafafu suka rikice, 'yan kallo suna ta dariya. A hanyar komowa wata yarinya 'yar aji biyar ta ce, "Malam, mu ba makaranta ba ce?" Maganan nan ta tsaya mana a rai.

Da muka ji kuɗin sabuwar ganga sai muka riƙe baki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan nan, kome ya yi tsada. To, sai muka ce bari mu haɗa tamu.

Muka sayi tsohon duro mai cin lita 200 wanda aka zuba man girki a ciki dā. Faɗin bakinsa kusan inci 23 ne. A nan sai mu yi gargaɗi: duron da ya taɓa ɗaukar fetur kada a kai masa wuta, gama yakan fashe ya hallaka mutum. Mai walda ya yanko mana inci 14 daga tsakiyar duron, ya huda ƙaramar kafa a gefe domin iska. Ya lanƙwasa tsohon rodi ya yi zobe huɗu, biyu na naɗe fata, biyu na danne ta. Dogayen ƙarafa 8 masu noti suka haɗa gefen nan da wancan. Muka sayo jemammiyar fata mai kyau wurin dukawa, muka ɗaura. Da muka buga, sai ka ce buhun gero aka doka.

Matambayi ba ya ɓata. Wata Asabar muka ɗora gangar a mota sai Argungu, gama garin ba ya rasa makaɗa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ranar biki makaɗa sukan shiga kwalekwale a Matan Fada suna zuga masunta. Aka nuna mana gidan wani dattijo daga cikinsu. Bayan gaisuwa ya shafa fatar, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, takalmi za ka ɗinka?"

Muka ce, "Baba, ai neman sani ya kawo mu."

Ya ce jima takan sa fata ta yi laushi, fata mai laushi kuwa ba ta da murya. Ganga ɗanyar fata take so, wadda aka kankare gashinta aka shanya. Ta akuya ta yi wa wannan baki kaɗan, sai ta maraƙi. A jiƙa ta ta kwana a ruwa, a ɗaura ta tana da danshi, a bar ta ta bushe a inuwa. Tana bushewa tana jan kanta.

Bayan mako biyu muka koma da sabuwar fata a ɗaure, ya koya mana gyaran murya. Ba a ɗaure noti ɗaya a gama. A juya wannan kaɗan, a tsallaka zuwa na daura da shi, haka har a kewaye. Sa'an nan a ƙwanƙwasa da yatsa kusa da kowane noti, a kasa kunne. Inda murya ta yi sama a sassauta, inda ta yi ƙasa a ƙara. In duka takwas suka yi murya ɗaya, ganga ta daidaita. Ya ce fata in ta yi tauri muryarta takan yi siriri, babbar ganga kuwa kauri ake nema. Da ƙarfen ya riƙa amsa kuwwa, sai muka cusa guntun soson tsohuwar katifa a ciki, ya yi shiru. Gula kuwa muka yi ta da sanda da tsumma.

Daren 26 ga Mayu 2024 aka yi ruwa. Da asuba muka tarar fatar ta sha sanyi ta saki. Gabanmu ya faɗi. Amma Baba ya riga ya faɗa mana fata tana bin yanayi: da damina ta saki, da rani ta ɗaure. Muka sa ta a hantsi, muka bi notin nan takwas sannu sannu, muryarta ta komo. Ran nan ƙafafun yaranmu suka sauka tare. Yarinyan nan, yanzu tana aji shida, ita ce ta riƙe tuta.

Tsohuwar gangarmu ashe sakacinmu ne ya fasa ta, gama mun bar ta a ɗaure cikin zafin bazara. Yanzu in an gama kiɗa mukan sassauta notin mu rataye ta a inuwa. Malamai 'yan'uwanmu, in makarantarku ba ta da ganga, ku duba bayan gida da rumfar mai walda tukuna. Kafin ku sayi fata kuma, ku je ku gaida makaɗin garinku.