Mesar da ta ƙi zama wuri ɗaya: damuwa ce ko halinta ne?

Ƙannenmu na sakandare, mun san da yawanku da an ce maciji abin da zai fara faɗo muku a rai shi ne sanda ko dutse. Ba mu ga laifinku ba, haka aka raine mu duka. Amma akwai ƙasashen da maciji ɗan gida ne, kamar yadda kyanwa ko tattabara take a wurinmu. Ana saya masa akwatin gilashi, ana auna masa zafi, idan ya ƙi cin abinci mai shi ya kasa barci. A Amurka da Jamus da Ingila, ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa haka wata ƙaramar mesa ce da Turawa ke kira ball python, saboda idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Masana sun raɗa mata Python regius. Ba ta da dafi, kuma da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi.

Wannan mesa 'yar nahiyarmu ce. Ana samun ta daga Senegal har Uganda, ciki har da Najeriya, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa ƙasashen waje a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji. To a can inda aka kai ta ne masu kiwonta suke wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mutum zai ga mesarsa ta fito daga maɓoya tana zagaya akwati, tana hawa itace, tana miƙa wuya sama, sai ya tambaya: lafiya kuwa? Wasu su ce masa ai mesa mai ƙoshin lafiya ba ta motsi, duk wadda ke yawo a takure take. Wasu su ce a'a, dabba ce mai rai, dole ta yi yawo. Mu da muke shekara ta biyu a sashen nazarin dabbobi na jami'a mun ɗauki gardamar da muhimmanci, domin amsar da mutum ya yarda da ita ce za ta yanke irin gidan da zai sa dabbar, kuma dabba ce mai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Matsalar ita ce maciji ba shi da fuskar da za a tambaya. Ba shi da fatar ido balle ya lumshe, ba ya ɗaure fuska, ba ya kaɗa wutsiya don murna irin ta kare. Abin da ya rage mana mu karanta shi ne motsinsa, kuma motsi shi kaɗai ba ya cewa komai sai an haɗa shi da lokaci da yanayi.

A daji wannan mesa takan wuni a ramin ɓera ko na gafiya ko cikin tsohon suri, inda akwai sanyi da danshi. Da magariba take fitowa. Tana da 'yan ramuka a leɓenta na sama masu jin ɗumin jikin ɓera a cikin duhu, tana kuma zaro harshe ta kwaso ƙamshin da ke iska ta kai shi wata gaɓa a rufin bakinta. Duk waɗannan kayan aikin mai yawon dare ne. Wani masani ɗan Italiya, Luca Luiselli, da abokin aikinsa sun wallafa bincike a 1998 kan waɗannan mesoshi a dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya, suka gano mazan sun fi cin tsuntsaye, matan sun fi cin ɓeraye da makamantansu. Wanda ke cin tsuntsu kuwa ai sai ya hau bishiya. Ke nan mesar da aka gani tana hawa reshe da ƙarfe goma na dare, tana tafiya a hankali, harshe na fita yana komawa, ta shinshina nan ta shinshina can, sannan ta koma maɓoyarta kafin gari ya waye, aikin da aka halicce ta da shi take yi.

Akwai kuma lokutan da yawon ke ƙaruwa ba tare da wata cuta ba. Mesar da ta kwana biyu ba ta ci ba takan fito da wuri ta tsaya a bakin maɓoya, wuya a lanƙwashe, tana jiran abin da zai gifta. Namiji a lokacin barbara yakan ƙi abinci na makonni, har watanni, yana ta sintiri yana neman mace. Wadda za ta yi saɓa takan ɓuya kwanaki, idanunta su yi hazo, sannan ta fito tana goga hanci da jikin dutse ko itace don tsohuwar fatar ta tsage. Wanda bai sani ba zai ɗauka azaba take sha, alhali riga kawai take cirewa.

Muna da guda ɗaya namiji a ɗakin gwaje-gwajen sashenmu, a cikin akwatin gilashi. Mu biyar muka raba dare a tsakaninmu na tsawon sati biyu, kowa da littafinsa, muna rubuta abin da yake yi duk bayan minti goma sha biyar, da 'yar fitila mai jan haske don kada mu dame shi. Aikin ba daɗi, ga sauro, ga barci, kuma yawancin layukan da muka cike "yana maɓoya" ne kawai. Amma kusan kullum bayan isha'i yakan fito, ya bi gefen akwati, ya sha ruwa, ya hau reshe ya ɗan jima, ya sauko. Wata rana cikin watan Afrilu aka ja akwatin kusa da taga saboda ana fentin bango. Da azahar muka tarar da shi a waje, abin da bai taɓa yi ba da rana. Tafiyar ma daban take. Sauri yake, yana miƙewa a jikin gilashi ya zame ya faɗo, ya sake miƙewa, yana danna hanci a kusurwar murfi da ƙarfi, ya bari, ya dawo wannan kusurwar dai. Da muka sa ma'aunin zafi sai muka ga ko'ina a cikin akwatin ya haura digiri 36, babu inda zai raɓe. Muka mayar da akwatin inuwa, muka sauya masa ruwa. Kafin la'asar ya shige maɓoyarsa.

Jikin maciji ba ya samar da zafin kansa yadda namu ke yi, shi ya sa kaura daga wuri mai ɗumi zuwa mai sanyi ita ce fankarsa, ita ce bargonsa. Masu kiwo sukan bar gefe ɗaya na akwati a wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen a wajen 25 zuwa 26, su sa maɓoya a kowane gefe. Idan babu wannan zaɓin, ko babu maɓoyar da ta matse jikinta yadda rami ke yi, mesa za ta yi ta neman hanyar fita dare da rana har fatar hancinta ta saluɓe. Wannan shi ne yawon damuwa. Idan kuma ya haɗu da rama, ko buɗe baki don numfashi, ko kumfa a baki, ko zaman dirshan a cikin kwanon ruwa saboda wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini kamar kaska, to magana ta wuce gyaran akwati, ta kai ga likitan dabbobi.

Inda muka fi saɓawa da masu cewa mesa mai lafiya ba ta motsi shi ne yadda suke ɗaukar shiru a matsayin shaida. Dunƙulewar nan da ta sa aka ba ta suna, wadda ake ɗauka hoto ana cewa ta yi kyau, tsoro ne. Haka take yi idan ta ga abin da zai cinye ta. Mesar da sanyi ya kama ba ta motsi. Mara lafiya ma ba ta motsi. Manyan masu kiwo don sayarwa sukan ajiye ɗaruruwan mesoshi a wata irin kanta mai durowoyin roba, kowace a durowarta, ba haske, ba reshe, wata ma ba ta iya miƙewa sosai. Hujjarsu ita ce suna ci, suna yin ƙwai, ba sa yawo. To ina za su je? A 2021 wasu masu bincike a birnin Munich na Jamus sun kwatanta mesoshi 35 a cikin irin waɗannan durowoyi da kuma a manyan akwatuna masu reshe da wurin shan ɗumi da ruwan wanka. A manyan akwatunan sun nuna ɗabi'u iri-iri, suna hawa, suna wanka, suna shan ɗumi, a durowa kuwa an fi ganin su suna danna baki a bango. A ganinmu, maganar cewa mesa ta fi son durowa ta fi yi wa mai sayarwa daɗi fiye da yadda ta yi wa mesar, domin durowa ɗari ta fi akwati ɗari araha.

Gaskiya ne dai cewa ƙaton akwati fayau, babu inda za a ɓuya, shi ma takura ne, musamman ga jaririyar mesa da ke ganin kowace inuwa kamar shaho ce. Fili take so mai cike da maɓoya, ta fito in ta ga dama, ta ɓuya in ta ga dama.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi gona neman mesar da zai kiwata. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane a jiki, ga kububuwa da ke kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe duk damina, kuma a cikin ciyawa ba kowa ke iya bambance su ba. Idan kuna son gwada irin aikin da muka yi, ƙadangaren da ke katangar makarantarku ya isa. Ku samu littafi da agogo, ku rubuta lokacin da yake fitowa shan hantsi, lokacin da yake komawa inuwa, da lokacin da yake gyaɗa kai. Bayan sati ɗaya za ku san abin da ya saba yi, kuma ranar da ya canza za ku gane.

A 2020 wata irin wannan mesa a gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka ta yi ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62, bayan ta yi sama da shekara 15 ba a haɗa ta da namiji ba. A 1961 aka kai ta gidan.